Yadda Ake Gyara Kurakuran Faifai Kafin a Sauya Tsarin Fayil Daga FAT32 Zuwa NTFS

Mafi yawan masu neman sauya tsarin fayil na wani ɓangaren faifai (partition) matsala ɗaya ce take kawo su: suna son ɗora fayil mai girman gigabayit 6 ko 10 a kan faifan waje ko filasha, sai kwamfuta ta ce fayil ɗin ya fi ƙarfin wurin, alhali ga sarari nan jibge. Dalili shi ne tsarin FAT32, wanda Microsoft ta fitar a shekarar 1996, yana rubuta girman kowane fayil da lamba mai bit 32, saboda haka ba ya iya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4. Tsarin NTFS ya girme shi da shekara uku, tun da ya zo tare da Windows NT 3.1 a 1993, amma ba shi da wannan ƙunci, kuma yana riƙe da kundin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi shi, wanda yake taimaka masa ya farfaɗo idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Windows tana da umarnin da yake sauya FAT32 zuwa NTFS ba tare da an goge komai ba, ana buga shi a tagar umarni (Command Prompt) da aka buɗe da ikon mai gudanarwa:

convert D: /fs:ntfs

Harafin D a nan misali ne, kowa zai sa harafin ɓangaren da yake son sauyawa. Sau da yawa umarnin yana gama aikinsa cikin 'yan mintoci. Amma wani lokaci sai ya tsaya, ya ce an sami kurakurai a faifan, ko ya ce faifan yana ɗauke da alamar datti, ko ya kawo kuskuren CRC, wato bayanan da aka karanto ba su yi daidai da yadda aka rubuta su ba, ya rufe da cewa ba a yi sauyin ba. A daidai wannan gaɓa ne mutane suke yin asarar bayanansu, domin suna ɗaukar tsayawar a matsayin shingen da za a tsallake, su shiga buga duk umarnin da suka ci karo da shi. Tsayawar gargaɗi ce, kuma jerin da aka bi wajen amsa gargaɗin shi yake raba wanda ya tsira da fayilolinsa da wanda ya rasa su.

Abin da umarnin yake gudu

Domin a fahimci dalilin tsayawar, sai an san yadda FAT32 yake adana abu. Ana rarraba ɓangaren faifai zuwa ƙananan ɗakuna masu girma ɗaya, waɗanda ake kira kulasta. Fayil mai girma yana cin ɗaruruwa ko dubban irin waɗannan ɗakuna, kuma ba lallai ba ne su kasance a jere. Folda tana riƙe da sunan fayil, da girmansa, da lambar ɗakin farko kaɗai. Daga nan sai a koma wani babban tebur a farkon ɓangaren, inda kowane ɗaki yake nuna na gaba da shi, kamar sarƙa, har a kai ga alamar ƙarshe. Akan ajiye kwafi biyu na wannan tebur saboda muhimmancinsa.

Idan aka zare faifai ana cikin rubutu, ko wuta ta ɗauke, ko kwamfuta ta sandare aka kashe ta da ƙarfi, rubutun da ake yi a tebur da wanda ake yi a folda suna iya rabuwa a tsakiya. Daga nan ake samun sarƙar da tebur ya ce tana da mai ita amma babu wata folda da ta san da zamanta. Ana samun fayiloli biyu da suke iƙirarin ɗaki ɗaya, wanda shi ne mafi muni a cikinsu, domin aƙalla ɗaya daga cikin biyun ya riga ya lalace. Ana kuma samun fayil da folda ta ce girmansa kaza ne amma sarƙarsa ta fi haka tsawo ko ta gaza, ko kuma kwafi biyun tebur su saɓa wa juna.

Umarnin convert ba ya kwashe fayiloli ya sake zuba su. Yana barin mafi yawan bayanan a inda suke, ya karanta tsohon tebur da foldodi, ya gina sabon kundin NTFS da ake kira MFT a kan abin da ya karanta, inda kowane fayil yake samun rajista mai bayit 1024 a bisa al'ada. Idan tsohon tebur yana da ƙarya a cikinsa, sabon kundin zai gaji ƙaryar, kuma babu hanyar komawa baya, domin Windows ba ta da umarnin mayar da NTFS zuwa FAT32 sai ta hanyar fomat. Shi ya sa umarnin yake fara bincika ɓangaren, ya janye hannunsa da zarar ya ga abin da bai daidaita ba.

Duk waɗannan kurakurai ne na lissafi, kuma ana gyara su. Akwai wani nau'i daban, wato lalacewar jikin faifan kansa, inda wasu sektoci, wato ƙananan yankunan da faifai yake rubuta bayanai a kansu, suka daina karantuwa. Saƙon da ke fitowa a allo ba koyaushe yake bambanta su ba, amma maganinsu ya sha bamban ƙwarai, har ma maganin na farko yana iya zama guba ga na biyu.

Kwafi tukuna, sannan a duba lafiyar faifan

Kafin ka buga kowane umarnin gyara, ka kwafe duk abin da ba ka son rasawa zuwa wani faifai dabam. Wani ɓangare a kan faifai ɗaya ba ya ƙidayuwa a matsayin ajiya, domin idan faifan ya mutu da shi zai tafi. Na san wannan shawara tana da nauyi ga wanda ya zaɓi convert daidai saboda ba shi da wurin zuba bayanan. Ko da haka ne, a zaɓi abin da ba a iya sake samu, kamar hotuna da takardun aiki, a fara da su. Fim da manhajar da za a iya sake saukewa su jira.

Na fi son a yi kwafin da robocopy, umarnin kwafi na Windows, a maimakon ja da linzami, saboda ja da linzami yakan tsaya cak a fayil ɗaya da ya ƙi karantuwa, ya bar mutum bai san me ya wuce me ya rage ba:

robocopy D:\ E:\Ajiya /E /R:1 /W:1 /LOG:C:\kwafi.txt

Kada a manta da /R:1 da /W:1. Idan ba a sa su ba, robocopy zai sake gwada fayil da ya ƙi karantuwa har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, wato ba zai taɓa wucewa ba. Bayan ya gama, ka buɗe fayil ɗin rahoton ka duba adadin waɗanda suka gaza. Wannan adadi shi ne shaidarka ta farko game da lafiyar faifan. Idan komai ya kwafu lafiya lau, akwai kyakkyawan zato cewa matsalar ta lissafi ce kawai. Idan kwafin yana tafiya yana tsayawa, yana kawo kuskuren CRC a wasu fayiloli, to sai an ƙara bincike.

Binciken shi ne karanta bayanan SMART, wato rahoton da faifai yake ajiyewa game da kansa. A Windows manhajar CrystalDiskInfo tana nuna shi kyauta, a Linux kuma umarnin smartctl yana yin haka. Layukan suna da yawa, amma huɗu ne suka shafi wannan aiki. Layi mai lamba 05 yana ƙidaya sektocin da suka lalace faifan ya maye gurbinsu da na ajiya. Layin C5 yana ƙidaya waɗanda suka ƙi karantuwa ake jiran a ga makomarsu, C6 kuma waɗanda suka gagara gyaruwa. Idan ɗanyen adadin (Raw Value) C5 ko C6 ya wuce sifili, ko kuma 05 yana hawa tsakanin dubawa ɗaya da ta gaba, mai yiwuwa faifan yana kan hanyar mutuwa, kuma bai kamata a yi maganar sauya tsarinsa ba sam. Layin C7 labarinsa daban ne, domin yana ƙidaya kurakuran da suka faru a kan hanya tsakanin faifai da kwamfuta, kuma yawanci laifin kebul ne ko mahaɗi. Idan C7 ne kaɗai yake hawa, ka sauya kebul, ka cire faifan daga marabar USB mai baki da yawa ka sa shi kai tsaye a jikin kwamfuta, domin faifan waje mai inci 2.5 yana shan wutarsa ne daga bakin USB, kuma ƙarancin wuta yana sa shi yanke aiki yana dawowa. Sau da yawa kuskuren CRC yana ɓacewa daga nan ba tare da an taɓa komai a cikin faifan ba.

Na dage a kan wannan mataki saboda na taɓa tsallake shi. Wani faifan waje ne mai ɗauke da hotunan shekaru masu yawa ya ƙi sauyuwa, na sa masa binciken da yake karanta kowace sekta na bar shi ya kwana yana yi. Da safe na tarar yana ƙara mai maimaituwa kuma kwamfuta ba ta ganinsa. Faifan yana da sauran sa'o'in aiki kaɗan a jikinsa, da na kashe su wajen kwafi da an tsira da mafi yawan hotunan, amma na kashe su wajen bincike. Duk faifan da yake ƙara irin wannan, ko yake ɓacewa daga kwamfuta yana dawowa, a daina ba shi wahala. Abin da ya dace da shi shi ne a ɗauki hotonsa gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa sekta bayan sekta, da manhajar GNU ddrescue daga Linux, wanda yake fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ya bar masu wuya zuwa ƙarshe, yana kuma rubuta taswirar inda ya tsaya domin a ci gaba daga baya. Duk wani gyara sai a yi shi a kan hoton. Idan bayanan suna da darajar da ba a iya kasada da ita, masu sana'ar ceto bayanai za a nema tun kafin a gwada komai.

Filasha da katin ajiya galibi ba su da SMART, saboda haka a kansu rahoton robocopy da yadda suke ɗabi'a su ne kaɗai abin dogaro.

Gyaran da chkdsk

Idan kwafi yana hannu kuma SMART bai nuna lalacewa ba, sai a shiga gyara. Ka rufe duk tagogi da manhajojin da suke amfani da ɓangaren, sannan ka fara da tambaya kafin aiki:

fsutil dirty query D:

Wannan yana gaya maka ko ɓangaren yana ɗauke da alamar datti. Alamar bit ɗaya ce da tsarin yake ɗagawa idan ya ga rashin daidaito ko aka cire faifai ba bisa ƙa'ida ba, kuma ita ce takan sa Windows ta tambaye ka ko kana son a bincika filasha duk lokacin da ka sa ta. Muddin tana nan, convert ba zai motsa ba. Windows ba ta ba da umarnin sauke ta da hannu ba, kuma wannan daidai ne, domin hanyar sauke ta ita ce a gyara abin da ya ɗaga ta. Za ka ga ana koyar da yadda ake goge ta da manhajar gyaran bayit, ko da wasu kayan aiki na Linux. Yin haka kamar cire fitilar gargaɗi ce daga mota a ci gaba da tafiya, kuma ban yarda da shi ba ga ɓangaren da ake shirin sauya wa tsari.

Daga nan ka buga chkdsk D:, umarnin Windows na binciken faifai, shi kaɗai ba tare da ƙari ba. A haka karatu kawai yake yi, ba ya taɓa komai, kuma zai ba ka hoton girman ɓarnar. Ka lura da sunayen fayilolin da ya ambata, musamman waɗanda ya ce sun haɗu a ɗaki ɗaya, ka buɗe kwafinsu a wurin ajiya ka ga wanne ne yake da lafiya. Abin lura shi ne binciken karatu kaɗai yana iya kawo kuskuren da babu shi idan wata manhaja tana rubutu a ɓangaren a daidai lokacin, don haka ne aka ce a rufe komai. Bayan haka sai ainihin gyaran:

chkdsk D: /f

Idan ya ce ba zai iya kulle ɓangaren ba saboda wani aiki yana riƙe da shi, zai tambaye ka ko a raba shi da ƙarfi. Ka amsa da Y idan ka tabbata babu fayil ɗin da kake cikin rubutawa. Sa /x a maimakon /f yana yin wannan rabuwar kai tsaye, kuma ya ƙunshi aikin /f a cikinsa.

A kan FAT32, tambayar da ta fi rikita mutane ita ce wadda yake yi idan ya sami sarƙoƙin da ba su da mai su, inda yake tambaya ko a mayar da su fayiloli. Ka amsa da Y koyaushe. Idan ka ce N, zai saki ɗakunan a matsayin sarari, kuma duk abin da yake cikinsu ya kama hanyar ɓata. Idan ka ce Y, zai ƙirƙiri ɓoyayyiyar folda mai suna FOUND.000, ya zuba su a ciki da sunaye irin su FILE0000.CHK da FILE0001.CHK. Ba za ka ga foldar ba sai ka sa Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli har da na tsarin aiki. Sunayen asali sun tafi, amma abin da ke ciki sau da yawa yana nan, kuma ana gane shi ta bayit ɗin farko: hoton JPEG yana farawa da FF D8 FF, takardar PDF da %PDF, fayil ɗin zip da takardun Word na zamani kuma da haruffan PK. Sauya ƙarshen sunan zuwa wanda ya dace yakan isa ya buɗe fayil ɗin. Ka kwashe foldar zuwa wurin ajiya kafin ka ci gaba, ko da ba ka da lokacin tantance ta a yau.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da chkdsk: burinsa shi ne tsarin fayil ya daidaita, ko da hakan na nufin datse fayil ko cire shi daga foldarsa. Idan fayiloli biyu suna faɗa a kan ɗaki ɗaya, zai raba faɗan ta yadda lissafi zai fito, amma ba shi da hanyar sanin wanne ne yake ɗauke da bayanan gaskiya. Wannan ne ya sa kwafi ya zo kafinsa a jeri.

Bayan ya gama, ka sake buga shi. Ba sabon abu ba ne zagaye na biyu ya sami abin da gyaran farko ya tono. Ka maimaita har sai ya ce bai sami matsala ba, sannan ka sake tambayar fsutil ka tabbatar alamar datti ta sauka. Idan zagaye na uku da na huɗu suna ta kawo sababbin kurakurai a wurare dabam dabam, ka tsaya, domin akwai abin da yake ɓata bayanan yayin da kake gyarawa, ko dai kebul, ko akwatin faifan waje, ko faifan kansa, wani lokaci ma RAM ɗin kwamfutar. Gwada faifan a wata kwamfuta yana raba gardama da sauri.

Shi kuwa chkdsk D: /r yana yin duk aikin /f, ya ƙara da karanta kowace sekta a ɓangaren, ya ceto abin da zai iya daga ɗakunan da suka lalace, ya yi musu alama domin kada a sake amfani da su. Yana ɗaukar sa'o'i da yawa a babban faifai, kuma adadin da yake nunawa yakan tsaya wuri ɗaya na dogon lokaci ba tare da ya sandare ba. Wurinsa shi ne inda kuskuren CRC ya ci gaba bayan an sauya kebul, an riga an yi kwafi, kuma faifan ba ya nuna alamar mutuwa ta gaggawa. Idan ya sami 'yan sektoci marasa kyau, convert yana iya wucewa bayansa, amma ni ba zan sake amincewa da wannan faifai da abin da ba ni da kwafinsa a wani wuri ba.

Sauyin kansa da abin da yake iya tare shi

Yanzu sai a koma ga convert. Zai nemi ka rubuta sunan da ɓangaren yake ɗauke da shi, a matsayin tabbaci cewa ba ka yi kuskuren harafi ba. Umarnin vol D: yana nuna sunan, kuma dole a rubuta shi daidai har da tazarar da ke cikinsa. Idan yana ta ƙin karɓa, ka sauya sunan zuwa kalma ɗaya mai sauƙi ka sake gwadawa. Ga faifan waje da zai riƙa yawo tsakanin kwamfutoci, wannan siga ta fi dacewa:

convert D: /fs:ntfs /x /nosecurity

Ƙarin /nosecurity yana buɗe izinin fayilolin ga kowane mai amfani. FAT32 bai san izini ba, NTFS kuwa ya san shi, kuma ba daɗi mutum ya kai faifansa wata kwamfuta ta hana shi buɗe foldodinsa.

Idan ya ce sarari bai isa ba, gaskiya ya faɗa, domin yana buƙatar wurin gina MFT da sauran kundayensa alhali tsohon tsarin yana nan daram, kuma buƙatar tana ƙaruwa da yawan fayiloli. Ɓangare mai ƙananan fayiloli dubu ɗari biyu ya fi mai manyan fayiloli ɗari buƙatar sarari. Ni nakan bar aƙalla kashi 10 cikin 100 a buɗe kafin in fara. Idan ya ce faifan yana da kariyar rubutu, ka duba ɗan makullin da ke gefen katin SD, sannan a cikin diskpart, umarnin Windows na sarrafa faifai, ka zaɓi faifan da ya dace ka buga attributes disk clear readonly. Filashar da ta ƙi sakin kariyar bayan wannan yawanci ta kai ƙarshen rayuwarta ne ta kulle kanta, sai a kwashe abin da ke ciki a bar ta. Idan ya ce ba ya aiki a kan exFAT, wanda wani tsarin fayil ne dabam, babu abin gyarawa, domin FAT da FAT32 kaɗai yake sauyawa, kuma exFAT, wanda ya fito a 2006, ba shi da iyakar gigabayit 4 tun asali.

Saƙon da ya fi tayar da hankali shi ne wanda yake cewa ɓangaren RAW ne, wato Windows ba ta iya gane tsarinsa ba, kuma chkdsk ma zai ƙi aiki a kansa. Windows za ta ba ka shawarar yin fomat. Kada ka karɓa. Sau da yawa sektar farko ta ɓangaren ce kawai ta lalace, kuma FAT32 yana ajiye kwafinta a sekta ta 6, NTFS kuma a ƙarshen ɓangaren. Manhajar TestDisk tana iya kwatanta biyun ta mayar da mai kyau, tana kuma iya nuna fayilolin ta bari a kwafe su kafin a rubuta komai, wanda shi ne ya kamata a fara yi. Abokiyar tafiyarta PhotoRec tana tsamo fayiloli ta hanyar gane farkonsu idan tsarin ya lalace gaba ɗaya, sai dai ba ta dawo da sunaye da foldodi.

Da zarar sauyin ya fara, kada a katse shi. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta kasance a jone da caja kuma batirinta a cike, ta tebur kuma a kan UPS idan akwai, a hana ta yin barci, kada kuma a motsa kebul. An tsara umarnin ya jinkirta rubutun da ba a iya warwarewa zuwa ƙarshen aiki, amma wannan ba dalili ba ne na gwada sa'a.

Bayan ya ce an gama, ka buga chkdsk D: /scan, wanda yake aiki a kan NTFS tun daga Windows 8, sannan ka buɗe fayiloli daga foldodi dabam dabam, manya da ƙanana, tsofaffi da sababbi. Umarnin fsutil fsinfo ntfsinfo D: zai nuna girman kulasta. Bayit 4096 shi ne na al'ada. Idan ka ga 512, abin da sauyi yakan haifar a tsofaffin ɓangarorin da ba su daidaita da iyakar kilobayit 4 ba, faifan zai yi aiki amma zai fi saurin warwatsa fayiloli, kuma gyaransa sai fomat. Wani abu da yake rikita masu kwatanta faifai da ajiyarsa shi ne lokaci: FAT32 yana rubuta lokacin sauya fayil da tazarar daƙiƙa 2 kuma bisa agogon gida, NTFS kuwa yana bin agogon duniya na UTC da ƙididdiga mai zurfi sosai. Saboda haka manhajar daidaita fayiloli tana iya ɗauka cewa abubuwa da yawa sun sauya alhali ba su sauya ba. A robocopy, ƙarin /FFT yana sa a yi haƙuri da bambancin daƙiƙa biyun.

Akwai ɓangarorin da bai kamata a sauya su ba ko da chkdsk ya wanke su tas. Ƙaramin ɓangaren EFI da kwamfutocin zamani suke tashi daga gare shi dole ya zauna a FAT32, domin shi ne tsarin da ƙa'idar tashin kwamfuta ta UEFI ta tabbatar kowace kwamfuta za ta karanta, kuma sauya shi yana iya hana kwamfuta tashi. Katin kyamara da filashar rediyon mota sukan daina karantuwa bayan sauyi, macOS kuma tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Ga faifan da ake raba shi tsakanin Windows da Mac, exFAT ya fi dacewa, kuma hanyar zuwa gare shi ita ce kwafi da fomat.

Masu Linux ma ƙa'idar ɗaya ce gare su da kayan aiki dabam. Wanda zai sauya tsarin fayil na ext4 zuwa Btrfs da btrfs-convert sai ya raba ɓangaren da tsarin, ya gudanar da e2fsck -f a kansa har ya fito da tsabta, sannan ya fara. Bambancin shi ne btrfs-convert yana ajiye hoton tsohon tsarin a ƙarƙashin sunan ext2_saved, kuma ana iya komawa baya da -r muddin ba a goge hoton ba, damar da convert na Windows ba ya bayarwa.

Idan kuwa kwafinka na farko ya kammala ba tare da fayil ko ɗaya ya gaza ba, kuma ka tabbatar da shi, to kana da zaɓin da ya fi convert tsabta: ka yi wa ɓangaren fomat kai tsaye zuwa NTFS ka dawo da bayanan. Za ka sami kulasta mai bayit 4096, da MFT da ba ta warwatse ba, kuma babu wani tsohon kuskure da ya biyo ka. Idan ka cire alamar fomat na gaggawa, Windows tun daga Vista tana rubuta sifili a kan ɓangaren gaba ɗaya tana kuma gwada sektocinsa, abin da yake tilasta wa faifan ya maye gurbin waɗanda suke jira. Bayan an gama sai ka sake buɗe SMART ka kwatanta layukan 05 da C5 da adadin da ka gani kafin ka fara. Idan ba su motsa ba, ka dawo da bayanan da robocopy, ka bar kwafin ajiyar a wurinsa na 'yan makonni har ka gama buɗe fayilolin da kake amfani da su a kullum.